Gilashin da Na Watsa a Kasuwar Dakoro

Ba zan faɗi sunana ba. Waɗanda suka san ni a Dakoro sun san ni, kuma ba da alheri suka san ni ba. Da ku nake, ku samarin da ke tsayawa bakin tasha kuna kallon motoci baki buɗe. Ran kasuwar da ta wuce na ga ɗaya daga cikinku ya shaƙe wuyan rigar wani baƙo, yana ihu wai an ƙuje masa mota. Ban sani ba ko gaskiya ya faɗa. Amma na san wannan ihun, domin nawa ne. Tun ranar raina ke ɓace, shi ya sa na ɗauki alƙalami, ko da yake hannuna bai daɗe da koyon riƙe shi ba.

Ni ɗan manoma ne, daga wani ƙauye gefen Korahane. Mahaifina yana da gonar gero da jakuna uku da 'yan awaki. Har ya koma ga Allah ba wanda ya taɓa tsayawa ƙofar gidanmu da ƙara. Ni ke koro jakuna da hatsi zuwa kasuwar Dakoro, kuma a nan na fara ganin mota. Zamanin mulkin Faransa ne, kumandan, wato Nasaran da ke mulkin yankin, bai daɗe da kafa bironsa, ofishin hukuma, a garin ba. Motocin da ke zuwa daga Maradi ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Na ga shofer, wato direba, ya sauko, mata na ba shi hanya, mai shayi na miƙo masa kofi tun bai tambaya ba. Na dubi jakunana na ji kunyarsu. Daga nan lalacewata ta fara, tun ban saci ko allura ba.

Na bar gona na bi wani Alhaji ɗan kasuwar Maradi mai sayen hatsi da fatu. Na yi masa ɗora kaya, na yi wankin mota, na kwana biyu ƙarƙashinta ina koyon cikinta. Bayan shekara biyar ya kai ni aka gwada ni, aka ba ni permi, wato takardar izinin tuƙi. Ku yaran yanzu ba ku san abin da permi yake ba a lokacin. Wanda ke da shi ya fita daga sahun talakawa. Da shi ake ba ka mata, da shi kake ci da gidanku duka. Muna ɗinka masa jakar fata kamar laya, mu rataya a wuya cikin riga. In an karɓe shi, ka koma ba kowa ba a wuni ɗaya.

Alhaji ya riƙe ni da amana. Ni kuwa na fara da kwalbar esansi guda, wato man mota, na zuƙe daga tanki na sayar. Na ce a raina mota ce ta sha a rairayi, wa zai sani? Daga nan na koma ɗaukar fasinja a bayan gari, inda idon Alhaji ba ya kai. Ba yunwa ta sa ni ba, kada wani ya yi mini wannan uzurin. Cikina cike yake. Rigar shadda nake so, da agogo, da a ce ga shi can ya zo.

Wata damina, wajen Birnin Lalle, ina gudu don in burge wasu 'yan mata da na ɗauko, na kauce wa rami na daki kututturen bagaruwa. Fitilar hagu ta fashe, ƙarfen gefenta ya lotsa. Na sauko na duba, na san Alhaji zai tambaya. Na tsince gilashin duka, ban ma san dalili ba, na zuba cikin jakar fatar da nake ajiye taba da kanwa.

Da na iso kasuwar Dakoro na tsaya inda motoci ke tsayawa, bisa rairayi, kusa da masu sayar da dabbobi. Wani shofer baƙo yana ja da baya kusa da ni. Kowa na kan kaya, ba mai duba masa. Shaiɗan ya raɗa mini, ni kuma na amsa da sauri. Na ɗauki ƙarfen tada mota na buga wa gefen motata da ƙarfi, na watsa gilashin a ƙasa, na ɗora hannu a ka na fasa ihu. Mutumin ya yi gaba da motarsa, ya sauko fuskarsa ta yi fari. Ya ga gilashi a ƙasa, ya ga fitila a fashe. Na ce masa, "Mu tafi biro." Ya kama hannuna yana roƙo, ya biya ni a wurin. Da ya tafi na duƙa na tsince gilashina.

Ban gyara fitilar ba. Na ce wa Alhaji ba a samun irinta sai an aiko daga nesa. Ta zama gonata. Na gane abu biyu. Duk shofer da ya ji ƙara a bayansa, gaba yake yi kafin ya sauko, don haka ba ya iya nuna inda ya tsaya. Kuma duk shofer ya fi tsoron biro bisa tsoron asara, saboda permin da ke wuyansa. Baƙi kawai nake zaɓa. Na yi haka a kasuwanni da dama har rani ya shigo. Ina tuna fuskokinsu. Akwai wani da ya ba ni haƙuri har sau uku, yana cewa Allah ya huci zuciyata. Ni ɓarawo, shi ke ba ni haƙuri. In na tuna wannan sai in ji kamar in mari kaina.

Sai ranar da na gamu da Kafaran Abarshi.

Tsohon soja ne mai muƙamin kafaran, wato kofur, ya yi wa Faransa yaƙi, a can ya koyi tuƙi. Dogo ne, mai furfura a gemu, ba ya son yawan magana. Bai daɗe da kawo iyalinsa Dakoro ba, yana tuƙa wa wani ɗan kasuwa motar hatsi. Na ɗauke shi baƙo kamar sauran. Da hantsi, kasuwa ta cika, yana ja da baya, na buga ƙarfe, na watsa gilashi, na yi ihuna. Ya yi gaba kaɗan ya tsaya. Ya sauko a hankali, ya dubi fitilata, ya dubi bayan motarsa, sannan ya dube ni.

Ya ce, "Ban taɓa ka ba."

Na ce, "Baba, tsufa ya kama idonka ne? Ga gilashi a ƙasa!"

Ya ce, "Na ga gilashi. Motata ba ta taɓa taka ba. In na taɓa abu, a bayana nake ji kafin kunnena ya ji."

Na ɗaga murya don mutane su taru. Na ce, "Jama'a ku zo ku gani! Ya fasa mini fitila yana musu! To mu tafi biro!"

Wannan maganar ce ke karya kowa. Shi ko gezau bai yi ba. Ya ɗauki sanda ya zagaye wurin da zane a ƙasa, ya ce da muryar soja, "Kada wanda ya taka nan ciki." Sannan ya je wurin Fulani masu sayar da nono, ya ce, "Inna, ku ara mini ƙoren da suka ƙare." Ya dawo da ƙwarya huɗu. Ya kife biyu bisa sawun ƙafafun motarsa na baya, daidai inda sawun ya ƙare. Ya kife ɗaya bisa gilashin. Ta huɗun ya kife ta bisa sawun takalmina.

Ni ɗan ƙauye ne, na san wannan. In an saci raƙumi ko saniya a ƙasarmu, haka ake kife ƙwarya bisa sawu don kada iska ko ƙafa ta ɓata shi, har mai bin sawu ya zo. Ban taɓa tunanin za a yi wa mota haka ba. Ni a ganina mota kayan Nasara ce, sai takarda da biro. Na manta bisa rairayin Dakoro take tafiya, kamar kowace dabba.

Aka kira Agali daga wurin raƙuma. Buzu ne, tsoho, wanda duk yankin ke nema in dabba ta ɓace. Ya zo yana jan takalmi, ya tsuguna, ya ɗaga ƙwarya ta farko. Wani mahauci ya ce, "Agali, yau kuma raƙumin ƙarfe za ka bi?" Aka yi dariya.

Agali ya ce, "Duk abin da ke da ƙafa yana barin magana a ƙasa. Ku matsa, kuna tare mini haske."

Ya karɓi igiyar raƙumi, ya auna daga ƙafar motar Kafaran ta baya zuwa ƙarshen jikinta, ya ƙulla. Ya kawo igiyar ya ɗora inda sawun ya ƙare, ya miƙa ta wajen fitilata. Ba ta kai ba. Saura kamu biyu cur.

Ya ce, "Nan ta tsaya. Ba ta wuce nan ba. In dai ba wuya gare ta ba kamar raƙumi, ba ta kai ga waccan ba."

Ya ɗaga ƙwarya ta uku, ya daɗe yana kallon gilashin. Ya ce, "Abin da ya fashe, ƙarƙashin inda ya fashe yake zuba. Wanga watsa shi aka yi da hannu, kamar yadda mace ke watsa wa kaji tsaba." Ya ɗauki guda ya kai hanci. Ya ce, "Kuma fitilar nan tana cin taba da kanwa."

Kasuwa ta fashe da dariya. Ya ɗaga ta huɗun, ya nuna yadda na dafe ƙasa da ƙafar dama, irin tsayuwar mai bugun abu. Bai ko dube ni ba. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa.

Kafaran ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya. Ya ce, "Yaro, tsince kayanka ka tafi. Ka ce kuskure ka yi, ni kuma na bar maganar a nan."

Ku ji da kyau, samari. Mutumin nan ya buɗe mini ƙofa. Da na sunkuyar da kai na fita, da ban rubuta wannan ba. Amma mata na dariya, mahauta na nuna ni da wuƙa, kunya ta koma mini fushi. Na ce, "Ni za ka tara wa Buzu da ƙoren nono? Ƙasa ba ta shaida a gaban Nasara. Mu je biro, can za ka san ko ni wane ne."

Ina da abin da na dogara da shi. Tafintan biro, wanda ke juya wa kumandan maganar mutane zuwa Faransanci, mutumina ne. Ina ɗauko shi kyauta, ina kawo masa sukari da shayi daga Maradi. Na riga su zuwa na raɗa masa yadda ake ciki.

Aka shigar da mu. Kumandan na zaune bayan tebur, zafi ya dame shi, yana fifita da takarda. Na yi maganata, tafinta ya juya ta da tsawo, har da ƙari. Aka kira Agali. Tsohon ya yi bayani tiryan-tiryan, igiya, kamu biyu, tsaba, taba. Tafinta ya juya duka cikin kalmomin da ba su fi biyar ba. Kumandan ya yi murmushi ya kaɗa hannu.

Abin da tafinta ya manta shi ne Kafaran yana jin Faransanci. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya ce da Hausa, "Ba haka ya ce ba. Kai, ba haka ya ce ba! Ka ce wai tsoho ya duba ƙasa kamar boka. Ka ji tsoron Allah!" Sannan ya juya ga kumandan ya kama Faransancinsa na bariki, murya sama, yana nuna tafinta, yana nuna ni. Wani gardi, cikin dogaran kumandan, ya ce ya yi shiru, bai yi ba. Ya matsa ya daki tebur da tafin hannu har tawada ta zube.

Shi ke nan. Kumandan ya miƙe fuska ja. Ba a sake maganar fitila ba. Aka ce ya kawo perminsa. Kafaran ya tsaya kamar bai ji ba. Sannan ya sa hannu cikin riga ya ciro jakar fata, ya cire igiyar daga wuyansa. Kumandan ya jefa takardar cikin aljihun tebur ya rufe. Aka rubuta cewa ya ɓata motar wani kuma ya yi wa hukuma rashin kunya. Aka miƙo mini na dangwala yatsa a ƙasan abin da ban iya karantawa ba.

A bakin ƙofa ya tsaya ya dube ni. Na zaci zai zage ni. Cewa ya yi, "Da ɗiya biyar na zo garin nan." Ya wuce.

Na ci shari'a, amma duk Dakoro ta ga igiyar Agali. Mai shayi ya daina ganina. In na zauna cin tuwo, sai a tashi ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa maimakon in ji kunya, haushi nake ji, ina cewa hassada ce. Ba a yi wata biyu ba labari ya kai Maradi, domin 'yan kasuwa duk sun san juna. Alhaji ya zo da kansa. Ya tsaya gaban motarsa ya dubi fitilar, ya ce, "Wannan tun damina take haka. Kai ka ce mini ba a samun irinta." Ya bincika sauran, ya gano esansi da fasinja. Ya kai ni ƙara. Gardawa suka laluba ni suka sami jakar taba da gilashi a ciki. Aka karɓe permina, aka yanke mini shekara uku a gidan kaso.

Amma ku lura, saboda cin amanar Alhaji aka ɗaure ni. Maganar Kafaran ba wanda ya tayar. Tafinta ya danne ta, don in ta tashi da shi za ta tashi. Permin Kafaran na nan cikin aljihun tebur. Ni kaɗai ne zan iya buɗe baki, kuma na san in na buɗe za a ƙara mini ɗauri. Na yi shiru.

'Yan kaso mu ke gyaran hanyar Maradi. Da safe a kora mu da kwanduna, mu haƙo jar ƙasa mu zuba inda rairayi ya ci hanya. Shekara ta farko na yi ta da fushi. Ina jin haushin Alhaji, da Agali, da matan nono, da tafintan da bai ko leƙo ni ba. Kowa na zarga ban da kaina. Kullum kuma Kafaran na wucewa ta gabanmu. Ya koma jan ruwa, yana kora jaki biyu da salkuna daga rijiya zuwa gari. Mutumin da ya tuƙa mota a ƙasashen da ban san sunansu ba. Na ji an ce matarsa na yi wa mutane surfe da daka. Yana wucewa kansa a miƙe, bai taɓa juyowa ba. Ni kuma in sunkuya kamar ina gyara kwando.

Cikin shekara ta biyu, da bazara, motar da yake tuƙawa a da ta kafe a rairayi kusa da inda muke aiki. Sabon shoferin na ta ba ta wuta, ƙafafu na ta nutsewa, injin na kuka. Aka ce mu tura, muka tura, ko motsi. Sai ga Kafaran da jakunansa. Ya wuce kamar taki goma, sannan ya tsaya. Bai iya jurewa ba. Ya dawo ya ɗora tafin hannu bisa hancin motar, kamar mai lallashin doki.

Ya ce, "Kai, za ka kashe ta! Ɗauke ƙafarka. Rage iskar ƙafafun baya. Ku haƙe gabansu, ku shimfiɗa kara. Ba a yi mata tsawa, lallaɓa ta ake."

Aka yi yadda ya ce, amma shoferin ya kasa, hannunsa bai iya ba. Ya sauko yana gumi ya ce, "Baba Kafaran, don Allah hau ka fid da ita. Kai ka san halinta."

Kafaran ya kama ƙofar. Ƙafarsa ɗaya har ta hau. Sai ya dubi gardin da ke tsaronmu, ya sauke ƙafar. Ya sa hannu a ƙirjinsa, inda jakar fata take a da. Ya ce, "Ba ni da takarda."

Ya tsaya a ƙasa cikin rana yana faɗa wa shoferin abin da zai yi, har motar ta fita. Ta tafi ta bar shi cikin ƙura. Ya koma ga jakunansa.

A wurin fushina ya juyo ya same ni. Shekara ɗaya da rabi ina neman wanda ya cuce ni, ashe ga shi riƙe da kwando. Ni na cire ƙafar mutumin nan daga motarsa. Ba kumandan ba, ba tafinta ba. Su kayan aiki ne, ni na ɗauke su na yi aikin.

A lokacin an canza kumandan. Ranar da sabon ya zo duba hanya, na yar da kwando na tsaya gabansa. Gardi ya zuba mini bulala biyu, ban matsa ba. Na ce ina da magana, kuma ba ta bakin tafinta ba. Akwai wani gardi tsohon soja mai jin Faransanci, shi ya juya. Na faɗi duka, bagaruwa, jakar taba, ƙarfe, igiyar Agali, sukari da shayi. Aka kira Agali ya sake faɗin abin da ya faɗa, wannan karon aka juya shi daidai. Aka ƙara mini shekara guda. Aka sallami tafinta. Bayan wata uku aka mayar wa Kafaran perminsa. Damina biyu ya yi ba shi.

Da na cika shekara huɗu aka sake ni, da rigar da na shiga da ita. Ba wanda ya zo tarona. Na kama hanyar Korahane a ƙafa, rana tsaka, ba ko goran ruwa. Na yi nisa sai na ji mota a bayana. Na kauce. Ta wuce ni kaɗan ta tsaya. Kafaran ne, furfurarsa ta ƙaru.

Ya ce, "Hau baya."

Na durƙusa cikin rairayi mai zafi. Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Tashi, ƙasa na da zafi. Shofer ba ya wuce mai tafiya a ƙafa cikin wanga daji da bazara. Ko kare ne zan tsaya. Don haka na tsaya, ba don kai ba."

Na ce, "Na faɗi gaskiya, Baba. An ƙara mini shekara."

Ya ce, "Ka faɗa. Bayan matata ta yi damina biyu tana daka hatsin wasu. Ka je ka ga hannunta. Mi kake so, in yi maka godiya? Ban yafe ba. In na yafe zan faɗa maka da bakina. Hau, kana ɓata mini lokaci."

Na hau bisa buhunan gero. Ya miƙo mini goran ruwa ta taga bai dube ni ba.

Na tuba ga Allah, kuma ina roƙon Ya karɓa. Ba a sake ba ni permi ba, ban kuma nema ba. Yanzu facin taya nake yi a bakin tasha, da yamma in je makarantar manya, don kada in sake dangwala yatsa a kan abin da ban sani ba.

Ga abin da zan ce muku, kuma ba da wasa nake ba. In wani ya ce ka ɓata masa mota, kada ka motsa taka. Sauko ka duba. Ka tsare wurin, ka kira manya su gani tun ƙafa ba ta tattake ba. In kai ka yi, ka ce ni ne, ka gyara, ba mutuwa ba ce. In ba kai ba ne, kada ka biya don tsoro, domin duk wanda ya biya ni shi ya ba ni ƙarfin zuwa ga na gaba. Kuma ko gaskiyarka ta kai ina, ka riƙe zuciyarka a gaban hukuma. Kafaran yana da gaskiya, yana da shaida, tafin hannu ɗaya bisa tebur na yi amfani da shi na gama da shi. Mai ƙarya fushinka yake jira.

Kai kuma mai ihun, kai da na gani ran kasuwa. In ƙarya kake, ka sani ba fitila kake karɓa ba, tuwon gidan mutum kake karɓa. Kuma in an buɗe maka ƙofa an ce tsince kayanka ka tafi, ka tafi. Dariyar kasuwa wuni ɗaya ce.

Kafaran na nan da ransa, yana tuƙi har yau. In tayarsa ta fashe, yana wuce rumfata ya kai wa mai facin da ke can ƙarshen tasha, wanda bai kai ni iyawa ba. Kullum da safe ina gaishe shi. Yana amsawa, don amsa sallama wajibi ne, ba ya ƙara ko kalma. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina sauraron bakinsa. Gobe ma zan gaishe shi.